Zaman Makoki a Gidan Baba Harold

Dillalin da ya nema mini takardar aiki a Ingila ya rantse mini aikin asibiti zan yi. Na yarda da shi, don shekara goma sha ɗaya na yi ina duba marasa lafiya a wani ƙaramin asibiti a ƙauyukan Sundimina. Na iya allura, na iya ɗinkin ciwo, tun daga bakin ƙofa nakan gane harbin kunama da saran maciji. Kwana biyu da saukata aka kai ni wani gari a bakin teku can arewacin ƙasar, aka miƙa mini safar hannu da rigar leda, aka nuna mini wani tsoho a kan gado aka ce ya ɓata jikinsa, in gyara shi. Asibitin ke nan. Na kira dillalin, wayarsa ba ta sake shiga ba har yau.

Gidan tsofaffi ne, na wani kamfani mai zaman kansa. A hawan ƙasa ake ajiye waɗanda wanka da abinci da shiga banɗaki kawai suka gagare su. A sama kuma akwai ma'aikatan jinya dare da rana, saboda masu ciwo mai tsanani da waɗanda tunaninsu ya gushe har ba sa gane 'ya'yansu. Ni da nake rubuta wa mutane magani a gida, a nan ko ƙwayar ciwon kai ba ni da ikon bayarwa sai da takarda. Na ji zafin abin, ba zan ɓoye ba. Amma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, na naɗe hannun riga na kama aiki.

Abin da ya ɗaure ni shi ne izinin zamana a hannun kamfanin yake. Ranar da suka sallame ni, hukuma za ta ba ni kwana sittin in sami wani kamfani da zai tsaya mini, in ban samu ba in tattara. A gida kuwa na bar matata Hajara da yara huɗu a Birnin Kudu, babbarsu Maryam ta shiga makarantar koyon jinya, kuma da aikin nan nawa take karatu. Saboda haka ko an taka ni sai in ce sannu.

Wata Grace, 'yar Zimbabwe, ita ta fara riƙe ni a wurin. Ta lura duk ranar da aka sa ni wankan tsohuwa sai na yi ta zagaye-zagaye kamar wanda ya yar da kuɗi. Ba ta tambaye ni dalili ba, ta ce mu yi musaya, ta karɓi matan ni in ɗauki maza masu nauyi. Ita ce kuma ta kawo mini rigar sanyi ta mijinta da ta ga wadda na taho da ita daga kasuwar Kano, ta ce wannan ko kaza ba za ta ɗumama ba. Wajenta na fahimci yadda ake kula da manya a ƙasar. Ƙaramar hukuma ce ke aiko ma'aikaci ya auna mutum, me yake iya yi wa kansa, me ya gagare shi, nawa ya mallaka. Mai hali ya biya wa kansa, marar hali su biya masa, amma da wuya su yi aikin da hannunsu, kwangila suke ba kamfanoni irin namu. Wankin gyambo da allura na ma'aikatan jinyar gwamnati ne. Ƙungiyoyin agaji da coci-coci su ke da gidajen yini, inda ake kai masu lalura su wuni, da motocin ɗaukar mutane. Kowa da kunyarsa kamar gonar gado, ba mai sa fartanya a ta wani. Ta ce amma in ka duba da kyau, mafi yawan nauyin yana wuyan wata tsohuwa ko wani ɗa a cikin gida, wanda ba a ɗauke shi aiki ba kuma ba ya tashi.

Bayan wata biyar aka mayar da ni ɓangaren bin gidaje. An ce za a ba ni mota, har na baro ƙasar ban ga ko tayarta ba. Bas nake bi, in sauka in taka cikin ruwan sama da ba ya yin ƙarfi kuma ba ya ɗaukewa. Waya ce ke juya ni. Ta ce gida kaza ƙarfe bakwai, minti talatin, in na shiga in danna, in zan fita in danna. A jikin bangon kowane gida akwai ɗan akwatin ƙarfe da makulli a ciki, mu ake ba lambobin buɗe shi don masu gidan ba sa iya tasowa. Kullum ni ne a makare. Ta yaya zan shiga ɗakin mutumin da ya haifi kamata in kama cire masa riga ban tambaye shi ya ya kwana ba, ya jiki, ya sanyi? Manajarmu ta kira ni sau biyu a kan haka, na ce to, na rage gaisuwar amma ban daina ba.

A watannin nan ne kewar gida ta kama ni sosai. Ba abinci ba, kiran salla. Gari guda a wuni ba ka ji an ce Allahu akbar ba sai waya ta yi maka ƙara a aljihu. Ranar Juma'a nakan tuna yadda hanyar Gwaram ke cika da babura da fararen kaya, ni kuwa ina tsaye a tashar bas da ledar safar hannu.

Gidan Baba Harold yana cikin gidajen da aka ba ni, amma ba don shi muke zuwa ba, don ɗansa Denis ne. Denis shekararsa hamsin da bakwai, da lalura aka haife shi, ba ya tafiya, maganarsa kuma sai wanda ya saba yake ganewa. Yana son ƙwallo a rediyo, in aka ci sai ya yi ta dukan hannun kekensa na guragu yana dariya, ko wa aka ci bai dame shi ba. Uban shekararsa tamanin da shida, tsohon ma'aikacin jirgin kamun kifi, matarsa ta daɗe da rasuwa. Sau da yawa hukuma ta nemi ta mayar da Denis gidan da ake haɗa masu irin lalurarsa da ma'aikata, tsohon ya ce sai dai bayan ransa. Mu namu mu zo safe da yamma mu ɗaga shi da inji, mu yi masa wanka, mu kwantar. Talata da Alhamis motar wata ƙungiya ta kai shi gidan yini. Sati biyu a shekara a karɓe shi don uban ya huta, hutun da yake yi a gindin waya yana bugawa yana tambaya ko an yanka masa burodi ƙanana. Sauran awannin duniya duka na tsohon ne.

Ya so in riƙa kiransa da sunansa gatsau, kamar yadda kowa ke yi. Bakina ya ƙi. Na ce masa Baba, ya tambayi ma'anarsa, na faɗa, ya ce shi ɗa ɗaya ya haifa kuma ya ishe shi. Na ci gaba da faɗa, ya ci gaba da mita. Wata rana ya hango ni ta taga ina salla a lungun tashar bas, ruwa na dukana. Da na shigo sai ya buɗe durowa ya ɗauko tsohon kamfas ɗinsa na jirgi, ya tambaye ni garin da nake fuskanta, ya juya ya juya, ya nuna mini kusurwar falo wajen akwatin talabijin. Daga ranar a kusurwar nan nake la'asar, shi kuma ya rage rediyo har in idar.

Denis ya kamu da ciwon ƙirji a tsakiyar hunturu, aka kai shi asibiti, kwana shida ya cika. Ba wanda ya gaya mini. Da safe na duba waya na ga gidan ya fita daga jerin gidajena, an sa wani a gurbinsa. Na buga ofis, yarinyar da ta ɗauka ta ce ai ya rasu jiya, aiki ya ƙare a can. Na ce to wa zai je wajen tsohon? Ta ce kwangilar ta Denis ce, uban ba ya cikin littafinsu, ba a taɓa auna shi ba. Gidan da ake shiga sau biyu a rana shekara da shekaru, a wuni ɗaya aka ɗauke ƙafa.

Ni dai ga yadda na tashi na gani. Ranar da mahaifina ya rasu a Gwaram, kafin a dawo daga maƙabarta an shimfiɗa tabarmi har bakin titi. Kwana uku ba mu hura wuta ba, maƙwabta ke shigo da kwanuka. Mutumin da suka shekara tara suna shari'ar gona da mahaifina shi ya fara zama, shi ya tashi ƙarshe. A wurinmu wanda bai zo maka biki ba ka iya mantawa, wanda bai zo maka gaisuwar mutuwa ba kuwa har jikokinsa sai sun ji. Ban zauna na yi shawara da kowa ba, don ban ɗauka abin shawara ba ne.

Tsakanin aikin rana da na yamma ina da awa uku da ba na kowa ba. Na yi faten dankali ban sa yaji ba, na zuba a kula na tafi. Na ƙwanƙwasa, ya buɗe, da kayan da ya dawo da su daga asibiti a jikinsa. Na yi masa ta'aziyya da iya Turancin da nake da shi, na zauna a ƙasa kusa da kujerarsa.

Ya ce, "Me ka zo yi? Babu wanda za ka ɗaga."

Na ce, "Zama na zo yi, Baba."

"Har yaushe?"

"Kwana uku. Haka muke yi."

Ya tambayi wanda zai biya, na ce ba a biya. Ya dube ni kamar na zare, sannan ya juya ga taga. Muka zauna shiru kusan awa biyu. Kafin in tafi ya ci cokali uku, ya ce gishiri ya yi yawa.

Washegari na ƙwanƙwasa ba amsa. Na buga taga, na kira ta ramin wasiƙa, labule a rufe, kusan minti ashirin. Akwatin makulli yana nan a bango, lambobin suna kaina. Na san ba a ba ni su don wannan ba. Na buɗe. Na same shi a ɗakin Denis zaune a kan keken, rediyo na yi, hita a kashe, gidan kamar cikin randa. Hannunsa da na taɓa sanyi ƙalau kamar ƙanƙara. Bai sa komai a ciki ba tun cokali ukun jiya. Ashe shi duk cin abincinsa a gefen na Denis yake yi, ya ba shi loma ya kai ɗaya bakinsa, bai san yadda ake dafa na mutum ɗaya ba. Ya ce mini shekara hamsin da bakwai yana da dalilin tashi daga gado, yau ya farka ya nema ya rasa. Na kunna hita, na lulluɓe shi, na dafa shayi, na koma ƙasa na zauna.

Rana ta uku 'yar ƙanwarsa ta iso daga Landan don shirya jana'iza. Ta shigo ta tarar da baƙin mutum zaune a ƙasa a falon kawunta, tsoho na barci, ga kula a kan tebur. Maƙwabciya ta riga ta gaya mata an ga na buɗe akwati jiya. Ta tambaye ni, na ce haka ne. Kafin in kai gidan da ke jirana da yamma an kira ni ofis.

Manajar tamu ba muguwa ba ce, gajiyayyiya ce. Ta zaunar da ni ta yi mini bayani a tsanake, cewa an hana ma'aikaci hulɗa da gida a wajen aiki ne saboda an sha ganin masu shiga jikin tsofaffi har a wayi gari sunansu na cikin wasiyya. Ban ƙaryata ta ba, mu ma muna da masu cin dukiyar marayu da carbi a hannu. Ta tura mini takarda mai magana biyu. Ta farko, na amsa na yi amfani da makulli ba da izini ba. Ta biyu, na yi alkawari ba zan sake zuwa gidan ba, ba zan kira shi ba, ba zan halarci jana'iza ba. Ta ce in na sa hannu gargaɗi ne kawai, nan da wata guda an manta.

Ranar wanka ba a ɓoye cibi. Na ce, "Ta farko na yi, kawo biro. Ta biyu ba zan iya ba."

Ta ce, "Hamisu, ka san abin da zai biyo baya."

"Na sani. Ki gaya mini wanda zai je wajensa gobe, in akwai, yanzu in sa hannu."

Ta ce wannan ba hurumin kamfani ba ne. Ta ba ni sati guda in yi tunani, aka dakatar da ni.

Grace ta ce mini wawa a fili, ta ce kowa yana sa hannu ya yi abin da zai yi. Hajara ma haka ta ce da na kira ta, sai dai nata ya fi shiga jiki. Ta ce, "Malam, ka sa hannu ka je a ɓoye, wa zai bi ka? Tsohon nan ba ubanka ba ne. Maryam kuwa 'yarka ce." Gaskiya ta faɗa, kuma kwana biyu ban iya cin abinci ba saboda maganar. Sau uku ina saka riga in tafi ofis ina cirewa. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne in rubuta sunana a ƙarƙashin alkawarin da na san zan karya, ko kuma in cika shi, in bar mutumin da ya nuna mini alƙibla ya binne ɗansa shi kaɗai. Ana cewa ina da taurin kai tun ina yaro, ban musa ba. Na wanke kashin mutanen ƙasar can wata goma sha huɗu ban ɗaga kai ba, amma wannan ɗaya na ce ba za a saya a wurina ba.

Sati uku gawar na ajiye a firji kafin a binne, abin da har yanzu na kasa sabawa da shi. Mu biyar ne a maƙabarta: tsohon, 'yar ƙanwarsa, mata biyu daga gidan yinin da Denis ke zuwa, sai ni. Wasu maza masu baƙaƙen kaya da aka yi haya su suka ɗauki akwatin gawar, ko kusurwa ba a bar wa kowa ya kama ba. Da aka zo sauke shi Baba ya miƙo hannu ya kama nawa bai duba ko na waye ba. 'Yar ƙanwar ta gani, ta kau da kai. Bayan kwana biyu takardar sallama ta zo, ba da jimawa ba ta hukuma ta biyo baya.

Kwana sittin ɗin nan na san garin fiye da direban bas. Na je gidajen tsofaffi, na je kamfanonin da ke tura mutum ya tare a gidan majinyaci, na je wani gida na ƙungiyar agaji da ake jinyar waɗanda likita ya sallama. Ko'ina hira ta yi daɗi, sai su nemi shaida daga inda na baro, shaidar ta zo da maganar makulli, sai in ji shiru. Wani ɗan ƙasarmu ya ce zai sayar mini da takardar wani kamfani da ba shi da ko ofis. Na ce masa an cuce ni sau ɗaya a kan takarda, ya isa.

A cikin yawon nan matan gidan yini suka gaya mini abin da ban sani ba, cewa kowa na iya kai sunan mutum ƙaramar hukuma a zo a auna shi, ba sai ɗan'uwa ba. Na je na bi layi na ba da sunan Baba, aka ce za a duba. Na koma bayan sati, aka ce yana cikin jeri. Na sake komawa har matar teburin ta haddace fuskata. Ba ni da aiki, lokaci kuwa ina da shi kamar ƙasa. Da rana in leƙa shi da kula, yanzu ba mai iko da ƙafata, kuma ban sake taɓa akwatin bango ba.

Saura kwana uku wa'adina ya cika na je yi masa sallama, tikitina a aljihu. Wata budurwa ce ta buɗe mini ƙofa, da rigar wani kamfani daban, waya a hannu tana duba minti. Hukuma ta auna shi, an ba shi rabin awa safe da yamma, Laraba kuma mota ta kai shi cin abincin rana da sauran tsofaffi. Yarinyar ta ce dole ta rubuta duk wanda ya shigo, ta tambaye ni me za ta sa, dangi ko aboki ko ma'aikaci. Na tsaya ina tunani, don ba ko ɗaya da zan amsa ban yi ƙarya ba.

Daga kan kujera Baba ya ce, "Rubuta 'wanda ya zo'."

Na yi la'asar a kusurwata. Da na gaya masa jibi zan tafi, ya ce dama ya san ba ni da wayo tun ranar da na zauna masa a ƙasa ga kujeru har uku. Ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba.

Hajara ta zo tarbata Kano, daga filin jirgi har muka wuce Wudil ba ta ce mini komai ba bayan sannu da hanya. Maryam ta ajiye karatu a zangon da ya biyo, yanzu tana tsaron wani kemis a bakin kasuwa, muna fatan ta koma baɗi in gona ta yi kyau. Ranar da na sauka Maryam ce ta kawo mini abinci, ta durƙusa ta jira na gama, sannan ta ce, "Baba, da za a sake kawo maka takardar nan yau, ka ga yadda abin ya zama, za ka sa hannu?"

Na dubi yarinyar nan, wallahi na so in yi mata ƙarya. Na ce a'a.

Ta ce to. Ta kwashe kwanukan ta fita. Har yau ba ta sake tambayata ba, ni kuma ban canja amsa ba.